Mintuna goman Malama Hajara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni yau da safe ina ɗaure igiyar takalmi. Ƙanenta ne ya kira, ya ce Allah ya yi wa Yaya Hajara rasuwa a asibiti gab da asuba.

Na ce masa wace Hajara, alhali lambarsa a wayata da sunan "Ƙanen Malama Hajara" na ajiye ta.

Mun kai ta makwancinta bayan azahar. Yanzu na dawo gida, takalman suna bakin ƙofa da jar ƙasar maƙabarta, ban goge ba tukuna.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce malamar aji biyar a 'yar makarantarmu ta nan unguwar Birik a Yawunde, inda nake direkta, wato shugaban makaranta. 'Yar Garwa ce, aure ya kawo ta Yawunde. Da mijin ya rasu ba ta koma ba, ta ci gaba da zama a unguwar Nkomkana tare da ƙanenta. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin ajinta da ofishina.

Masu bina a nan sun san ni ba marubucin ta'aziyya ba ne. Abin da nake sakawa bai wuce ranar dawowa hutu ba, sai sakamakon jarrabawa, sai roƙon iyaye su daina turo yara da silifa.

Amma akwai wata takarda da na sa wa hannu a farkon wannan shekarar karatu. Takardar ta raba matar nan da abin da ta fi so a aikinta. Tun safe tana cikin aljihuna, da ita na je maƙabarta, da ita na dawo. Kafin in ajiye wayar nan zan faɗi abin da zan yi da ita.

Bari in fara da yadda take kiran suna.

A ko'ina cikin garin nan, apel, wato kiran suna, abu ne na minti biyu. Malami ya buɗe rajista, ya kira suna, yaro ya ce "prezan", a wuce. Haka aka yi mana, haka muke yi.

Ita ba haka take yi ba. A ajinta yaro ba ya amsa sunansa. Abokin zamansa na benci ne zai miƙe, ya juya ya dube shi da kyau, sannan ya amsa a madadinsa: wane yana nan, kuma ga yadda na gan shi yau.

Kalmomi uku ta haramta a cikin waɗannan mintunan: "lafiya lau", da "ça va" na Faransanci, da "jam" na 'ya'yan Fulani. Ta ce duka ukun ƙofa ce da muke rufewa cikin ladabi. Bahaushe ko yana kan gadon asibiti ka tambaye shi, lafiya lau zai ce maka, sai dai ka ji an kai shi.

Ranar da na fara ji ta bango, na ɗauka hira suke. Na shiga da guntun tiyona na dukan yara a hannu. A lokacin ba na zagaya makaranta ba shi.

Na tarar da wata yarinya a tsaye tana cewa ƙawarta tana nan, amma idonta ya kumbura, kuma tun da suka zauna ba ta buɗe jakarta ba. Malama ta tambaye ta me za ta yi mata. Yarinyar ta ce za ta raka ta famfo ta wanke fuska. Malama ta ce su je.

Ba ta tambayi mai kukan dalili ba. Sunan gaba kawai ta kira.

Da aka fita hutun ƙarfe goma na ce mata, Malama, wannan darasin a wane shafi yake a manhajar gwamnati? Ta ce yana shafin da ya yage kafin a ba mu littafin. Ta ƙara da cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to wa ya taɓa koya wa yaro karanta fuskar? Muna koya musu karanta Faransanci da Larabci, amma ɗan'uwansu da ke gefensu ba su iya karanta shi ba.

Na duba agogo na ce mata minti goma sha huɗu ta ci. Ta ce za ta mayar da shi goma. Ta kuwa mayar.

Ni mutumin agogo ne, ban ɓoye ba. Ita ce ta sa mini suna Mushe Lafiya Lau (Mushe shi ne "Monsieur" a bakinmu), wai ko rufin makaranta ya faɗo kaina abin da zan ce ke nan. Malamai suka ɗauka, har mai gadi. A gabana ba sa faɗa, amma bangon makarantarmu ba shi da kauri.

Ajin nata kusan kullum yaro ɗaya kan rage ba abokin benci. Sai ta ce wannan nata ne. Ita za ta amsa masa, shi kuma ya amsa mata. Bana wata yarinya ce mai suna Nafisa, 'yar wani tela da ke layin masu yadi. Ku riƙe sunanta, zan dawo kanta.

Abin ya yi aiki, wannan dole in faɗa. Daga ajinta ba a cika kawo mini ƙarar dambe ba. Yaron da ya zauna da safe ya lura cewa takalmin abokinsa ya ɓalle, da wuya ya yi masa dariyar takalmin da rana.

Akwai shekarar da yaran da suka zo daga Najeriya ke shan tsokana saboda ba su jin Faransanci. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Raba su ta yi cikin bencin 'yan gari, kowa da wanda zai duba fuskarsa kullum. Kafin hutun farko tare suke zuwa sayen fanke.

Ni ma na ci moriyar idonta, ko da ban nema ba.

Lokacin da mahaifiyata ke jinya ban faɗa wa kowa ba. Wata safiya na shigo ofis na tarar an kwashe takardun da zan duba daga teburina. Da yamma suka dawo a dube, da jan bironta. 

Ita ta fara gane ina da hawan jini kafin likita. Ta ce ta ga ina yawan dafe ƙeya in ina magana da iyaye. Sati biyu ta yi tana damuna har na je aka auna.

A aljihun teburinta akwai allura da zare, da fil na hijabi, da ɗan sabulu. Yarinyar da ta yi abin kunya a aji ba ta taɓa fita ta gaban maza ba. Malama kan tura ajin gaba ɗaya waje su ƙirga bishiyoyin tsakar makaranta, alhali kowa ya san guda biyu ne.

To, yanzu ga inda abin ya ɓaci. Ba zan rufe ba, don ita ma ba ta taɓa rufewa ba.

Bara akwai wani yaro a ajinta, in kira shi Buba, ba sunansa ba ne. Mahaifinsa Bafulatani ne daga Marwa, mutum mai kamun kai, irin waɗanda ko ruwa ba sa sha a gaban jama'a. Kasuwa ta juya masa baya a lokacin, ba wanda ya sani.

Wata Talata abokin bencin Buba ya miƙe ya ce Buba yana nan, amma tun jiya da rana bai ci komai ba, ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Buba ne ya faɗa masa a hanya, shi kuma ya ga ai abin da ake so ke nan.

Malama ta yi saurin wucewa sunan gaba, ta kuma ba Buba abincinta a ɓoye lokacin hutu. Ta ɗauka an gama.

Ta manta cewa yara hamsin ta koya wa tausayi. Kowa ya koma gida ya faɗa wa uwarsa. Matan Birik kuwa ba a faɗa musu irin wannan su zauna. Kafin magariba kwano bakwai sun shiga gidan, kowanne a rufe, kowanne da yaro ɗauke da shi yana sallama da ƙarfi a tsakar gidan haya mai ɗaki goma sha biyu.

Garin gyaran gira aka rasa ido.

Washegari mutumin ya zo ofishina da kwanukan a cikin buhu. Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan teburina. Ba a taɓa ko ɗaya ba, miyar har ta fara tsami.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, karatu na kawo yaro. Ban kawo shi ya yi mini bara ba."

Ya kama hannun ɗansa suka fita.

Na kira Malama ta ga kwanukan. Ta tsaya ta dube su, ta ce laifinta ne, ba na yaran ba. Ta koya musu gani, ba ta koya musu rufa asiri ba. Ita da kanta ta wanke kwanukan a famfo, ta bi gida gida ta mayar, tana roƙon matan su bar maganar a nan.

Sau uku ta je gidan mutumin. Na farko bai fito ba. Na biyu ya fito ya gaisa ya koma. Na uku ta je da ƙanenta, ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta ba shi haƙuri. Bayan hutu Buba ya dawo. Har yau mahaifinsa in mun haɗu a masallaci gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinsa ba.

Daga nan ta sake doka. Ta rubuta ta a saman allo, inda ba a gogewa. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ban da abin da kunnenka ya ji. Ka faɗi abin da kai za ka yi da hannunka. Abin da aka faɗa a aji, a aji zai kwana.

Gyaran ya yi kyau, sai dai ya zo a makare. Maganar kwanuka ta riga ta zagaya unguwa, daga masu soya, wato masu tsire, har teloli.

'Yan makonni bayan an buɗe makaranta bana, kwamitin iyaye ya zauna da Alhaji mai makarantar. Wani ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wani ya ce yau an leƙa tukunya, gobe ɗakin kwana za a leƙa. Wani ya lissafa minti goma sau kwanakin shekara, ya ce da lissafi aka koyar a ciki da an ga bambanci a jarrabawa.

Ina zaune a wurin. Na san ta gyara. Na san abin da ajin nan yake yi wa yara, don ni ake kawo wa ƙara, kuma daga nan ba a kawowa. Da na yi magana ta minti ɗaya, wataƙila da an sassauta.

Ban yi ba. Alhaji ya riga ya nuna inda ya karkata, ni kuma ina da iyali, kuma kujerar direkta ba gadon gidanmu ba ce. Aka rubuta cewa daga yanzu apel a kowane aji "prezan" ne kawai, wanda ya saɓa ya nemi wani wurin aiki. Aka turo mini, na sa hannu.

Na daɗe ina gaya wa kaina ai ba ni na kawo shawarar ba. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo.

Ni na kai mata takardar. Ta karanta sau biyu, ta naɗe ta miƙo mini, ta ce to. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ta bi doka. Tun daga ranar, abin da nake ji ta bango suna ne da "prezan", minti biyu an gama. Dokokinta uku dai ba ta goge su daga saman allo ba, ni kuma na yi kamar ban gani ba.

Yanzu ga Nafisa.

Sati uku da suka wuce ta tsaya a ƙofar ofishina lokacin hutu. Yara ba sa zuwa ofishina da ƙafarsu, sai an kawo su. Na ce mata wa ya dake ki.

Ta ce ba kowa. Ta ce, "Mushe, Madam ba ta da lafiya."

Na tambaye ta ko Madam ce ta faɗa mata. Ta ce a'a, gani ta yi. Madam ta daina rubutu a saman allo, daga tsakiya take farawa. Tana zama in tana koyarwa, da kuwa ba ta zama. Ta daina sa takalminta mai rufi, silifa take sawa saboda ƙafar ta kumbura. Kuma abincinta yadda ta zo da shi haka take mayarwa.

Duk abin da ido ya gani, ba ta sa na kunne ko ɗaya ba.

Kun san abin da na ji a raina? Na ji haushi. Na ga ashe abin da muka hana bai hanu ba. Na ce mata ta koma aji, manya sun san abin da suke yi. Har da karin magana na bi ta, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Don in sauke nauyi, da aka tashi na leƙa ajin na ce, Malama, ya jiki? Ta ce lafiya lau. Na ce madalla, na wuce. Batun silifa kuwa har na yi niyyar tuna mata cewa dokar ta shafi malamai.

Yau a wurin zaman makoki ƙanenta ya ce mini ƙoda ce. Wata biyar tana fama. Ta hana shi faɗa, wai kada a ce ta zauna a gida a bar yara ba malami gab da ƙarshen shekara. Likita ya ce da ta zo da wuri da an yi wani abu. Kwana dai in ya ƙare ya ƙare, na sani. Amma ni ne mai ikon ba ta hutu, kuma an zo har ƙofata an faɗa mini.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Alhamis ne. An tashi, ruwa ya tsuge, irin wanda ke mayar da gangaren layinmu kogi. Muka fake a rumfar bakin get, ita tana jiran ya tsagaita ta tari mashin zuwa Nkomkana.

Ta ce tana da roƙo. In mayar mata da mintunanta goma, ko na sati ɗaya ne, kafin yaran nan su wuce aji shida. Ta ce ta ga sun fara kallon allo kawai, sun daina kallon juna.

Na ce ta bari sai bayan jarrabawa, zan san yadda zan ɓullo wa Alhaji. Ni da ita duk mun san abin da hakan ke nufi.

Ta ce Allah ya kai mu. Sannan ta dube ni ta ce yau ban sha maganina ba. Gaskiya ne, na manta shi a gida.

Don kada a bar ni a baya sai na ce, ke fa, ya gajiya?

Ta ce, "Lafiya lau." Sai ta yi 'yar dariya, ta ce, "A ajina da an ce ban amsa ba."

Na yi dariya ni ma. Na ɗauka tsokanar da ta saba ce. Mashin ya tsaya, ta ɗauki lokaci kafin ta iya ɗaga ƙafa ta hau, ni kuma ina duba wayata. Juma'a ba ta zo ba, ta aiko cewa zazzaɓi ne.

Saura abin da ya faru yau.

Lokacin da ƙanenta ya kira, yara sun riga sun kama hanya. Na ga gara in je in faɗa musu da bakina, sannan a rufe makaranta.

Na shiga ajinta, suka miƙe suka gaishe ni. Na faɗa musu a taƙaice, yadda na iya. Wasu suka kifa kai a benci. Ba a yi kururuwa ba.

Daga nan ban san abin da zan yi ba. Rajista na kan teburinta, sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na buɗe, na kira sunan farko.

Shiru.

Na ɗago zan maimaita, sai na ga yaron da ke gefen mai sunan ya miƙe. Ya juya ya dubi abokinsa, ya ce yana nan, yana cije leɓe don kada ya yi kuka, shi kuma zai zauna kusa da shi har a tashi.

Takardar tana cikin fayil a ofis, bango ɗaya tsakaninmu. Na tuna da ita sarai. Na kira suna na biyu.

Haka muka bi rajistar har ƙasa. Wata ta ce za ta riƙe wa ƙawarta jaka zuwa gida. Wani ya ce abokinsa bai nuna komai ba, amma ya karya fensirinsa biyu, zai ba shi nasa. Wata ta ce ba ta san abin da za ta yi ba, za ta dai riƙe hannunta. Wata takwas ba a yi wannan a ajin ba, kuma ba wanda ya yi tuntuɓe. Ban duba agogo ba.

Da na rufe littafin, Nafisa ta miƙe. Ta dubi kujerar malama, ta ce Madam ba ta nan.

Ashe akwai doka ta huɗu da ba a rubuta a allo ba. Wanda abokinsa bai zo ba, yakan ɗauki duk wanda ya rage ba aboki. Ta juyo ta dube ni, irin kallon da ba yaron da ya taɓa yi mini a makarantar nan.

Ta ce, "Mushe yana nan. Ya sa maɓallin rigarsa ba daidai ba. Ya riƙe littafin gam da hannu biyu. Zan kawo masa kujera."

Ta kawo. Ba ta malama ba, wata ta ɗauko daga bayan aji. Na zauna.

Duk ajin suna kallona. Sai da na ɗan jima kafin na gane jira suke. Saura ni, ban amsa mata ba.

Shekara biyar yarinyar nan tana makarantata. Na san sunan mahaifinta, na san makinta na lissafi. Yau na fara ganin fuskarta.

Na ce Nafisa tana nan. Na ce idonta a bushe yake, amma ta damƙe gefen hijabinta har yatsunta sun yi fari. Na ce abin da zan yi shi ne in faɗa mata a gaban kowa cewa ta zo ta faɗa mini gaskiya, ni ne ban ji ba, kuma ba ta da laifin komai.

Sai a lokacin ta yi kuka. Ni ma ban tsira ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da na fito na shiga ofis, na zare takardar daga fayil na sa a aljihu.

To ga abin da na ce zan faɗa. Na san Alhaji yana karanta abin da nake rubutawa, 'yan kwamiti ma haka. Gara ku ji daga gare ni, kada ku ji a bakin masu soya.

Na janye hannuna daga takardar nan. Daga ranar da za mu koma, ni zan riƙe ajin Malama Hajara har a samu malami, kuma apel irin nata za a yi, da dokokinta duka. Minti goma, ba ƙari. Ba za a leƙa tukunyar kowa ba, wannan ta riga ta gyara shi tun tana raye.

Takardar ta ce wanda ya saɓa ya nemi wani wurin aiki. Na karanta, ni na sa hannu. In hakan kuka yanke, makullin ofis yana hannun mai gadi. Zan dai roƙi a bar ni in kai yaran nan ƙarshen shekara.

Na san ihu ne bayan hari. Sati ɗaya ta roƙa, ranar Alhamis, a tsaye da kumburarriyar ƙafa, na ce ta bari sai bayan jarrabawa. Wannan ba shi da gyara, da shi zan zauna.

Allah ya jiƙan Malama Hajara. Allah ya sa ciwon da ta ɓoye ya zama kaffara. Yadda ta rufa wa 'ya'yan mutane asiri, Allah ya rufa mata nata. Allah ya dube ta da idon rahama, ya yalwata kabarinta, ya ba ƙanenta da yaran ajinta haƙuri. In na cuce ta, kuma na cuce ta, Allah ya sa ta yafe mini kafin ta tafi.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ƙafa uku. Wanda ta taɓa ɓata wa rai ya yafe mata.

Kuma masu kirana tun rana kuna tambaya ya haƙuri, na gode. Ku yi mini uzuri in ban ce lafiya lau ba.